Sallamar Igiya

Jirgin Hajiya Dudu ya fi kowane jirgi tsawo a tungayen bakin tafki, tun daga wajenmu har Wara. Ranar kasuwa in aka yi masa lodi, kwandunan banda da buhunan gero da na albasa sukan tashi a tsakiyarsa kamar rumbu, wanda ke zaune wurin inji a baya ba ya ganin komai gabansa sai buhu. Babana, Sallau, shi ne mai zama wurin. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da hannun injin nan, har ƙara ta cinye masa kunne. In kana so ya ji ka sai ka kai baki kunnensa na dama ka ɗaga murya, shi ma sai ya ga dama.

Tafkin kuwa ba ruwa ne zalla ba. Kafin a tare kogi a Kainji nan gonaki ne da ƙauyuka da kurmi, kuma itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi ba su je ko'ina ba. In ruwa ya ja baya sai kututture su matso sama, wani ka ga kansa, wani sai dai ka ga ruwa yana ɗan murɗawa a kansa. Saboda haka dole a sami mai ido a goshin jirgi, dole kuma ya sami hanyar yi wa Baba magana.

Hanyar ita ce igiya. Ta taso daga goshi, ta bi gefen dama ta cikin zobban ƙarfe, ta wuce lodi, ta je ta ɗaure a damtsen Baba na hagu. Maganarta ba ta da yawa. Da farko ka yi dogon ja, ka riƙe kamar numfashi ɗaya. Wannan shi Baba ke kira sallama. Sai ka jira ya ja daga wajensa, ya amsa ke nan. Sannan ka faɗi abin da kake so da gajeren ja: ɗaya dama, biyu hagu, uku a rage wuta, huɗu a kashe inji. Ka rufe da wani dogon ja don ya san ka gama, kada ya juya hagu alhali na ukun yana hanya. In so kake ya miƙe, sai ka yi sallama ka rufe, babu komai a tsakani.

Ba haka kawai Baba ya kafa sallamar ba. Ina ƙarama, wata tsohuwa, Inna Lami, ta shigo da akuyarta za ta kai kasuwa, ta ɗaure ta jikin zobe. Akuya ta saƙala ƙafa a igiya ta yi ta fizga, Baba kuwa yana ta bin umurni, dama, hagu, dama, har ya kai jirgi cikin ciyawar burgu ya kafe, mutane suka sauka ruwa iya ƙirji suna turi. Har yau a tungarmu in mutum ya ɓata hanya sai a ce akuyar Lami ta tuƙa shi. Tun ranar Baba ya rantse ba zai ƙara bin jan da ba a yi masa sallama ba. Akuya ta iya fizga, in ji shi, yaro ma ya iya, zanen da aka shanya ma iska kan sa ya ja. Amma babu akuyar da za ta riƙe ta jira a amsa mata.

Yayana Umaru ne ke goshi a da. Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Kabi ya tafi Birnin Kabi neman aiki, ya bar igiya ba mai riƙewa. Ni kuma na bar makaranta a aji huɗu, ina bin jirgi ina kwashe ruwa da ƙoƙo. Rannan Baba ya dube ni ya nuna goshi da haɓa. Shi ke nan. Shekara biyu na yi a wurin, kuma ban taɓa samun abin da ya dace da ni kamarsa ba. A goshi ka ba kowa baya, babu mai kallon fuskarka, babu mai tambayarka ina gajiya. Ni da in baƙo ya gaishe ni sai harshena ya manne, a igiya ba ni da in'ina.

Wata safiya muna wanke jirgi sai ga Hajiya Dudu ta sauko kwata, wato inda jirage ke tsayawa, da wani saurayi a bayanta. Yana da hular kaki, da usur rataye a wuya, da takalmi sau ciki a wurin da kowa ke tafiya ƙafa a laka.

"Sallau!" Hajiya ta kai baki kunnen Baba. "Ga Enoch, ɗan aminin mai gidana marigayi. Shekara ukku ya yi bisa babban jirgin hito mai ɗaukar motoci. Har takarda gare shi. Shi za ya riƙe goshi."

Baba ya dubi takalmin, ya dubi usur ɗin, ya nuna ni ya ce, "To Ladidi hwa?"

"Ladidi ta zamna cikin mata ta lura da kwanduna. Mutane na ta yi min magana, jirgi kamar wanga a ce ɗiya mace ke gaba. Ko ba haka ba, ɗiyata?"

Ina da magana cike da baki. Abin da ya fito shi ne, "To, Hajiya." Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Baba ya ce, "Jirginki na." Ya kira Enoch ya koya masa igiya daga farko har ƙarshe, sau biyu. Enoch ya haddace lambobin nan take, ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kai. Amma da aka zo kan sallama sai ya yi dariya.

"Baba, a babban jirgi ƙararrawa kawai ake bugawa. Ba a gaida inji."

"Mi ya ce?" Baba ya tambaye ni.

Kafin in faɗa masa, Enoch ya ɗaga hannu ya ce, "Na ce na gane, Baba!"

Ranar kasuwa ta zo. Na zauna cikin mata, bayana jingine da lodi, a gefen dama. Ba da wata niyya na zaɓi wurin ba, ko in ce ban sani ba ko da niyya ne. Igiya dai ga ta nan tana wucewa daidai kafaɗata. Kusa da ni Hannah ce, mai sayar da banda, wadda muka yi aji ɗaya tare, kuma tun lokacin ita ke yi min magana ni ina yi mata sauraro.

Enoch ya tsaya a goshi ƙafa ɗaya kan katako, ya busa usur, muka tashi. Muna fita bakin tungarmu akwai wani kututturen gawo da nake kira Tsoho, daidai kan hanya, ruwa ya rufe shi da kamar taƙi ɗaya. Enoch ya gan shi, idonsa ba laifi. Ya fizgi igiya sau biyu, fit fit, ya saki. Ba sallama, ba rufewa.

Jirgi bai ko karkata ba.

Na ga ruwa yana murɗawa a kan Tsoho, yana matsowa. Cikin jirgin nan akwai mace mai ciki da tsofaffi uku da Babana. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Hannuna ya shiga ƙarƙashin mayafi ya kama igiya. Dogon ja. Amsar Baba ta zo cikin tafina kamar kullum. Biyu. Na rufe. Jirgi ya kwanta hagu a hankali, Tsoho ya wuce ta gefenmu har ina ganin gansakukar da ke kansa. Na miƙar da shi, na janye hannu.

Enoch ya waiwayo ya dubi fasinjoji, ya gyara hula.

"Kun gani ko? Baba yana ɗan jinkiri, amma zai saba da ni."

Haka muka je Wara, haka muka dawo. Ya fizga, jirgi ya yi kamar ba da shi ake ba, in sake faɗin maganar yadda ake faɗinta, jirgi ya bi. Da yake ni ina tsakaninsa da Baba, amsar a hannuna take tsayawa, ba ta kai masa. Shi dai ya san ya ja, an ɗan yi jim, an juya.

Da muka koma gida na jira Baba ya ce wani abu. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya tambayi innata ko an ba kaji ruwa.

Mako na biyu Hannah ta kama ni. Muna tsakiyar tafki ta sa hannu ƙarƙashin mayafina za ta ɗauki goron da ta ba ni ajiya, sai ta ci karo da yatsuna a kan igiya. Ta dube ni, ta dubi Enoch, ta sake dubana. Sai ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

"Ke Ladidi! Ashe ke ce..."

"Don Allah yi shiru."

"Wayyo cikina. Shi yana can yana busa usur kamar ɗan sanda, ke kina nan kina... Yesu! Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"To ke wace irin sakarya ce? An ƙwace miki wuri, kina yi wa wanda ya ƙwace aiki, shi ake yaba. Ki tashi ki gaya wa Hajiya mana."

"Ba zan iya ba."

"Bari ni in gaya mata."

"Cewa za ta yi ƙawance ne. Shi takarda gare shi."

Hannah ta yi tsaki. "To ki sake masa igiyar ya ga takardarsa."

"Akwai mutane a ciki, Hannah."

Ta dubi ruwa. Can ta ce, "Ai ba ko'ina ne da kututture ba."

Maganar ta zauna min.

Enoch fa sai abin ya hau masa kai. A kwatar Wara in mun sauke kaya sai ya zauna wurin mai shayi, matuƙan ƙananan jirage su kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya gyara aikin jirgin Hajiya. Ni ina gefe ina jera kwanduna, kuma da yake ba na magana mutane kan manta ina da kunne.

"Shekara biyu yarinyar nan tana wahal da tsoho da gaishe-gaishe," in ji shi. "A ja a riƙe, a jira, a ja a rufe. Kafin a gama gaisuwa ai an hau kututture. Ni daga zuwana na soke. Ja biyu, hagu. Magana ta ƙare."

Wani dattijo da ya san Baba ya ce, "Sallau ya yarda da haka?"

"Ba ga jirgi yana tafiya ba?"

Wannan bai dame ni sosai ba, har dariya ya ba ni. Abin da ya dame ni ya zo a mako na uku. Muna lodi a tunga Hajiya na tsaye, sai Enoch ya nuna inda nake zama.

"Hajiya, wurin nan zai ci kwando biyu. Kwanduna kuma ba gudu suke yi ba balle a ce sai an lura da su. Ladidi ta huta a gida mana."

Hajiya ta yi ɗan tunani. "Gaskiya taka. Yau ni ma zan bi ku Wara, in ga aikin naka da ake ta ba ni labari. Ladidi, yau ki tahi, daga mako mai zuwa ki zamna ki taya innarki."

"To, Hajiya," na ce. Kullum abin da ke fitowa ke nan.

Na shiga jirgi. Ba goshi kaɗai ba, jirgin ma gaba ɗaya za a raba ni da shi. Kuma mako mai zuwa Enoch zai fizgi igiya a kan Tsoho, babu kowa a tsakani.

Aka shimfiɗa wa Hajiya tabarma a kan buhu, gabanmu kaɗan, ta buɗe laima. Hannah ta zauna kusa da ni da ƙwarya cike da gyaɗa mai ɓawo a cinya. Ban tambaye ta ta mece ce ba.

Na wuce da mu Tsoho. Na wuce da mu kututturan nan uku na bakin tsibiri. Duk inda jirgi ya juya sai Enoch ya waiwayo ya dubi Hajiya, ita kuma ta gyaɗa kai tana cewa, "Madalla, madalla."

Hantsi ya ɗaga muka hango Wara. In za ka shiga kwatarta daga wajenmu sai ka bi gefen tafki har ka zo daidai bakin wani lungun ruwa, sannan ka juya dama ka shiga. In ba ka juya ba babu abin da za ka buga, ruwa ne mai zurfi shimfiɗe a gabanka, tafiyar da ta kai a dafa shayi a sha, kafin ka isa tsohon kurmin da ruwa ya ci. Na san wurin kamar tsakar gidanmu.

Hannah ta ɗora min ƙwaryar a cinya.

"Taya ni ɓarar gyaɗar nan, ƙawa. Da hannu biyu."

Na fito da hannuna daga mayafi. Na ɗauki gyaɗa ɗaya na ɓare.

Muka zo bakin lungu. Enoch ya busa usur don mutanen kwata su san ya iso, ya fizgi igiya sau ɗaya, ya sa hannu a ƙugu.

Jirgi ya miƙe abinsa.

Ya jira ɗan jinkirin da ya saba. Ya sake fizga. Na ɓare gyaɗa ta biyar. Bakin lungu ya zo daidai kafaɗarmu, ga kwata can cike da mutane, ga masu sayen kifi tsaye har cikin ruwa suna jiran kwandunan Hajiya, wasu har sun fara ɗago mana hannu.

"Enoch," in ji Hajiya, "ba nan muka shiga ba?"

"Nan ne, Hajiya. Yanzu zai juya."

Ya kama igiya da hannu biyu ya shiga fizga, ɗaya, uku, bakwai, ban san iyaka ba. Igiya tana ta tsalle a gefen kunnena kamar an kama tarwaɗa. Ya busa usur har jijiyar wuyansa ta fito. Bakin lungu ya koma bayanmu. Mutanen kwata suka sauke hannu, suka bi mu da kallo, sai muka jiyo ihu da dariya suna biyo mu a kan ruwa.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, Yawuri za ka kai mu? Ni Wara na ce."

"In Yawuri ce a tsaya in saya wa yara tsaraba," in ji Hannah. "Malam mai takarda, ko a babban jirgi haka ake shiga gari, ta baya?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni dai kaina na ƙasa, ina ɓara. Gyaɗar ma rabinta a ƙasan jirgi take zuba.

"Tsohon ya yi barci!" Enoch ya yi ihu. Ya saki igiya, ya tsallake ƙafafun mutane, ya dafa buhu ya hau lodi da takalminsa sau ciki. Buhun albasa ya murgina ƙarƙashinsa, ya zame ya zauna daɓas cikin kwandon banda, ya tashi da kan kifi manne a wando, ya ci gaba da rarrafe. Hajiya ta rufe laima ta miƙe tsaye kan buhu don ta ga bayan jirgi, Hannah ma ta miƙe tana ba mu labari.

"Ga Baba Sallau can. Idonsa biyu, wallahi. Goro yake ci."

Muna jin muryar Enoch sama da ƙarar inji. "Baba! Ina ta ja! Ba ka ji ba ne?"

Baba ba ya iya magana a hankali, kurma ne, duk jirgin ya ji amsarsa.

"Na ji ana ta hizgata tun ɗazu, har damtsena ya yi ja. Na ce wa ya sake shigo muna da akuya?"

Wannan karon har mazan da ke gaba sai da suka riƙe ciki. Duk wanda ke cikin jirgin nan ya san akuyar Lami.

"Ni ne, Baba! Ni nake ja! Mako uku kana bi na!"

"Kai? Ban taɓa bin ka ba, yaro. Kai ka hizga, in ƙyale. Sannan a yi min sallama, in amsa, a gaya min magana, in bi. Yau bakin Wara ba a yi min sallama ba."

"Wa ke yi maka sallamar?"

Ni kuwa na ɗaga kai na dubi gaba, sai na ga dariya ta kusa ƙarewa. Goshi babu kowa, kuma can gabanmu kawunan tsohon kurmi sun fara bayyana, baƙaƙe, tsuntsaye zaune a kansu. Na ji Baba ya rage wuta da kansa, ashe yana lura da gaɓa ta gefe, ya san inda muke. Amma juyawa a wurin sai da ido.

Sai igiya ta motsa a kafaɗata. Ba fizga ba ce. Dogon ja ne, daga baya, aka riƙe.

Shekara biyu ni ke yi wa Baba sallama yana amsawa. Bai taɓa farawa ba sai ranar.

Na ajiye ƙwarya. Na kama igiya a fili, ba mayafi, na amsa. Na tashi na bi ta tsakanin mutane, suna janye ƙafa, har goshi. Katakon yana nan da ɗan lotsawar da gwiwata ta saba da ita. Sallama, biyu, rufe. Muka kwanta hagu muka bar kututturen farko. Sallama, rufe, muka miƙe. Akwai wata tsohuwar kuka a ƙarƙashi wadda rassanta suka bazu, sai ka zagaye ta da nisa, na zagaye ta. Sallama, ɗaya, rufe, na bar shi yana juyawa dama har goshi ya dubi Wara, sannan na miƙar da shi. Na shigar da mu lungu, na rage wuta, na kashe inji daidai inda jirgi zai sulala da kansa ya sa hanci a yashi ba tare da ƙwaryar kowa ta motsa ba.

Mutanen kwata suka taso da tsiya. "Enoch, ina ka je? Mun ce ko ka tafi gaida Yawuri ne!" Mai shayi ya ɗaga kofi yana kiransa.

Hajiya ba ta sauka ba. Ta aika aka kira Baba, ya zo yana murza damtse. Enoch na tsaye gefe da hula a hannu. Ta dube ni.

"Ɗiyata, ke ta ke ja duk makonnin ga?"

Na dubi yatsun ƙafata. "I, Hajiya."

"To yau mi ya hana ki a bakin lungu?"

Duk jirgin aka zuba min ido. Harshena ya manne kamar kullum, na nemi magana na rasa, sai gaskiya ta fito.

"Gyaɗa nake ɓara."

Hannah ta faɗi kan buhu don dariya. Hajiya ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa, ta rufe baki da laima.

"Ja'ira. Shiru-shiru ashe ke ce babbar. Kai kuma Sallau, ka sani ka yi shiru?"

Sai da ta maimaita a kunnensa. Baba ya ce, "Hannun ɗiyata na, ya za a yi in kasa sani? Da na gaya miki cewa za ki yi uba na son ɗiyarsa. Na ce bari in ga ranar da za ta gaji."

Hajiya ta juya ga Enoch. Na zaci korarsa za ta yi, kuma abin mamaki sai na ji ban so ba. Kan kifin nan yana manne a wandonsa har lokacin, babu wanda ya gaya masa.

Baba ne ya riga ta. "Ki bar min shi baya. Na ga yadda ya warware min injin nan shekaranjiya, hannunsa ya san ƙarhe. Ni kuma idona ya soma bin kunnena. Shi koyi zama inda ba a ganin gaba."

"Ladidi kuma?"

"Ai ga ta inda take."

Hajiya ta ce masu magana su yi ta yi, in sun gaji su zo su tuƙa. Ta sauka ta nufi masu sayen kifinta.

Tun daga makon da ya biyo baya igiya ta koma damtsen Enoch, Baba yana zaune kusa da shi yana cin goro. Usur ɗin Enoch ya ba wa wani mai kiwon agwagi. Takalmin ma ya daina zuwa da shi. Kwana biyun farko amsarsa tana zuwa da fushi, kamar zai cire min yatsa, daga baya ta yi laushi.

Bayan kamar wata ɗaya, muna tsakiyar tafki inda babu kututture ko ɗaya, sai Hannah ta matso bayana ta ce, "Gwada Enoch mana." Na ce Allah ya kiyaye. Da ta koma wurinta na duba dama, na duba hagu, na fizgi igiya sau biyu, fit fit, ba sallama.

Jirgi ya miƙe abinsa.

Can sai muryar Enoch ta tsallako lodi. "A gaya wa mai akuyar nan ta ɗaure ta!"

Na ba kowa baya, na ja mayafi na rufe baki. Sannan na yi masa sallama yadda ya kamata, ya amsa, na rufe.